Zalɓe Mai Tsayuwar Kwana Uku

An yi wani kududdufi a bayan gidan ibadar mabiya addinin Buddha, can a wata ƙasa mai nisa ta gabashin duniya. Kullum da safe mutanen gidan sukan tanƙwashe ƙafa su zauna shiru, kowa yana bin numfashinsa, shigarsa da fitarsa, har zuciya ta lafa. In sun tashi kuma sai su ɗauki tsintsiya, manya da ƙanana, su share tsakar gida tare.

Wani tsohon Kunkuru mai haƙuri ya shekara arba'in yana leƙensu ta ƙarƙashin shinge, har ya iya, ya kuma koya wa dabbobin kududdufin. Da safe a zauna shiru, sannan a tashi a yashe magudanar da ke kawo musu ruwa daga rafi, kowa da yankinsa.

A cikinsu akwai Kwaɗo, sarkin tsokana, da kuma Zalɓe, wanda girman kansa ya fi wuyansa tsawo.

Wata safiya Zalɓe ya dubi Kunkuru sama da ƙasa, ya yi magana ta hanci: "Baba, wai ni za a koya wa tsayawa cik? Ni da aka ƙyanƙyashe ni a kan ƙafa ɗaya?"

"Ba tsayuwar ƙafa ake nema ba, ɗana," in ji Kunkuru. "Ta zuciya ce."

"Duka biyun ina da su, har da rara."

Kwaɗo ya yi caraf ya ce, "To Malam Dogo, yankinka na magudana fa? Yau kwana tara ganye ya toshe shi."

"Kwasar taɓo aikin marasa wuya ne. Mu da muka yi nisa, ba ma ɓata baki da shi."

Sai Kwaɗo ya miƙa wuyan da ba shi da shi, ya lumshe ido, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya toshe hanci ya ce, "Muuu da muka yi niiisa..." Bai ƙarasa ba ya kife tim! Kowa ya fashe da dariya.

Zalɓe ya fusata. "Za ku gani! Kwana uku zan yi a tsaye, ko gashina ba zai motsa ba!" Ya taka ƙwas-ƙwas zuwa ƙarshen yankinsa, ya kafa ƙafa cikin laka, ya rufe ido.

Ya dai rufe idon, amma ɗaya yana buɗewa lokaci-lokaci don ya ga ko ana kallonsa.

Abin da bai lura da shi ba, ruwa ya daina isowa wurin, saboda toshewar da ya ƙi yashewa. Rana ta yi ta dukan lakar. Ran kwana na uku ta bushe ƙamas, ta riƙe masa ƙafa gam.

Ya ja, shiru. Ya sake ja, sai zafi. Ga ƙishirwa, ga rana tana tasowa. Ya kira taimako? Kwaɗo ya ji? Ina! Sai ya ci gaba da lumshe ido.

Kunkuru, wanda zaman shiru ya koya wa lura, ya hango shi ya ce, "Numfashin Zalɓe ba na mai nutsuwa ba ne. Ku zo mu je."

Da Zalɓe ya gan su sai ya manta da girma. "Wayyo ƙafata! Baba, na mutu!" Ya shiga fuffuka fat-fat-fat, ƙafar tana neman karyewa.

"Daina fizga," in ji Kunkuru. "Ja numfashi. Sake shi a hankali. Ƙirga ɗaya."

"Ɗaya me? Ina mutuwa kana ba ni lissafi!"

"Tsoro ne ya zo. Dube shi, kada ka bi shi. Biyu."

Kafin su kai goma fukafukan sun sauka. Kwaɗo kuwa, wanda kowa ya zaci zai yi tsiya, tuni ya tara jama'a a kan toshewar. Ƙaguwa tana haƙa, Agwagwa tana jan ganye, shi yana ture taɓo da ƙirji. Can sai ga ruwa yana gangarowa sululu. Lakar ta jiƙa, ta saki. Zalɓe ya zare ƙafa, ya zube zaune dirshan.

Da ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, sai ya sunkuyar da kai. "Kwaɗo, me ya sa ba ka yi mini dariya ba?"

"Na ji ta taso," in ji Kwaɗo. "Na ja numfashi, ta wuce. Amma kada ka saki jiki, gobe tana iya dawowa."

Washegari tun da sassafe, aka tarar da Zalɓe a magudana, baki duk taɓo, yana tambayar Ƙaguwa yadda ake haƙa.

Darasin wannan labari shi ne, nutsuwa ba abin gasa ba ce, ba kuma a auna ta da daɗewar zama. Ana gane ta ne a lokacin da tsoro ko fushi ya taso, da kuma yadda mutum yake ɗaukar rabonsa na aikin jama'a. Wanda ya raina mutanensa don yana ganin ya fi su, ranar da ƙafarsa ta maƙale, su ɗin dai zai kira.