Tagar da Dermot Ya Ɓoye

A zaurenmu na hira ta kwamfuta, zamanin da sai da layin waya ake shiga intanet, babu wanda ya kai Dermot iya rubuta wa manhajar hira umarni. Ya san haka kuwa, kansa ya kumbura. Shi kaɗai yake zaune a garin Broken Hill, ko kare ba shi da shi, amma kullum kukansa mutane na cinye masa lokaci.

Mutum ɗaya ce ta damu da shi, Noreen, wata dattijuwa mai kiwon tumaki a can cikin daji, wadda mijinta ya rasu. Kullum in ta gama da dabbobi sai ta buɗe tagar hirarsu ta su biyu, ta ba shi labarin yininta.

Dermot ya gaji. Ya rubuta umarni cewa da zarar Noreen ta yi magana tagarta ta ɓuya, manhajar ta riƙa amsawa da sunansa: "Ina jin ki." "To, madalla." Har ya yi mana burga da abin.

"Kai, Dermot, wannan ba yi ba ne," na ce masa.

"Ka cika wa'azi, tsoho. Kunne take nema, na ba ta."

Wata ranar Lahadi Clive, wani direban babbar mota, ya shigo zauren a fusace.

"Gwanin banza, ina ka shiga ranar Talata? Noreen ta shigo garinku ganin likita, ta ce ku haɗu a shagon shayi, ka ce to. Na same ta da kek ɗin da ta gasa maka a cinya, tana jiran ka har aka rufe shagon!"

Dermot ya buɗe ɓoyayyiyar tagar. A ƙarshenta Noreen ta rubuta, "Me ya hana ka zuwa, ɗana?" Manhajar ta amsa, "To, madalla." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Ya goge umarnin, ya zauna ya rubuta ban haƙuri da hannunsa, ya aika. Manhajar ta ce babu mai wannan suna a kan layi. Har muka watse daga zauren ɗaya bayan ɗaya, tagar nan a buɗe take a kwamfutarsa, kuma amsar ba ta sauya ba. Wallahi ya ba ni tausayi.

Mai karatu, na'ura za ta iya amsa gaisuwa a madadinka, amma ba za ta riƙe maka aboki ba. Wanda ya ba ka lokacinsa, ka saurare shi da kanka tun yana nan.