Manomin da Ya Zana Fuskar Mahaifinsa

A wani ƙauye akwai wani manomi, ana ce masa Audi, gama an haife shi wata biyu bayan rasuwar mahaifinsa. Bai taɓa ganin fuskar mutumin da ya haife shi ba, hoto kuma babu ko ɗaya. Marigayin baƙo ne a garin, noma ya kawo shi, ya yi aure, kafin shekara uku ta cika Ubangiji ya ɗauke shi. Tsararrakinsa duk sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta san wannan fuska, ita ce mahaifiyar Audi.

Manomin nan kuwa yana da abin da yake ƙauna, wato zane. Ba sana'arsa ba ce, ba kuma wanda ya koya masa. In ya taso daga gona da yamma, sai ya wanke hannu, ya zauna a gindin darbejiya, ya ɗauko wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya yi ta zane da yatsa. Ya zana rumbu, ya zana matarsa tana daka, ya zana akuyarsa. Akuyar kam, gaskiya, sai an faɗa maka kafin ka san ba kare ba ce. Amma mutumin yana jin daɗin abinsa.

Wata rana tsohuwarsa ta leƙa ta bayansa, ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, “Tun da hannunka ya iya wannan, zana mini mahaifinka. Ina so in ƙara ganinsa.”

Ya ce, “Iya, yaya zan zana wanda ban taɓa gani ba?”

Ta ce, “Dogo ne, baƙi, mai faɗin goshi, da tsage uku a kowane kunci. Kai dai zana. In na gan shi zan gane shi.”

Sai ya fara. Kowace yamma fuska ɗaya. A gefen wayar akwai wata 'yar kibiya, in ka taɓa ta sai ta goge layin da ka ja na ƙarshe, kamar ba a taɓa yinsa ba. Audi ya ƙaunaci wannan kibiya ƙwarai. Layi ya ɗan karkace, ya goge. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ya goge. A ransa yana cewa ai bai kamata ɗa ya sa wa mahaifinsa aibu a fuska ba. Saboda haka duk fuskar da ya kai wa tsohuwa sumul take, kyakkyawa, ba inda za ka kushe. Ita kuwa sai ta duba, ta girgiza kai, ta ce, “Ba shi ba ne.”

Ya ce, “Me ya rage, Iya?”

Ta ce, “Ban san yadda zan faɗa ba. Amma ba shi ba ne.”

Haka suka yi har fuska arba'in. Ran nan maƙwabcinsa ya wuce da garma a kafaɗa, ya tsaya, ya yi dariya, ya ce, “Magidanci da furfura a gemu, kullum kana shafa gilashi kamar yaro! Ka taɓa ganin zanen masu zane na gaske kuwa?” Ya buɗe tasa wayar ya nuna masa aikin gwanaye na birni, fuskoki kamar za su yi magana. Audi ya duba nasu, ya duba nasa, kunya ta rufe shi. Tun daga ranar bai ƙara zama a gindin darbejiya ba. Wata uku suka wuce.

Wata safiya ya ga mahaifiyarsa tana zuba kunu, kunun yana kwarara a ƙasa kusa da kofin, ita kuwa ba ta sani ba. Ya kai ta asibitin ido. Likita ya duba, ya ja shi gefe, ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma duhu yana cinsa daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya tafi ba zai komo ba, abin da ya rage kuma ba shi da yawa.

A kan hanyar gida tsohuwa ta riƙe hannunsa, ta ce a hankali, “Ka daina zanen nan, ko?”



Da yammar nan ya ɗauko wayar. Sai ya iske yatsan ya yi tauri, abin da dā yake ja da sauƙi yanzu ya gagare shi. Ga kaka ta kama, dawa ba ta jiran kowa, yini yake yi yana yanka. Duk da haka ya zauna. Yanzu tsohuwa a gefensa take zama, sai ta kawo wayar dab da hancinta, ta juya kai tana neman ɗan hasken da ya rage mata. “Ba shi ba ne.” Kashegari ma, “Ba shi ba ne.” Kowace rana wayar tana ƙara matsowa kusa da idon, tsoro kuma yana ƙara kama Audi, gama ya sani in idon nan ya rufe, fuskar mahaifinsa ta tafi ke nan har abada.

A yamma ta goma sha biyu ya dawo a gajiye liƙis, tafin hannunsa duk ya yi bororo, yatsunsa suna rawa. Yana cikin zana bakin, sai yatsan ya zame, leɓen sama ya karkace ya haura wajen kuncin hagu. Ya yi tsaki, ya kai yatsa zai taɓa kibiyar. Sai tsohuwa ta cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

Ta ce, “Tsaya! Kada ka taɓa!”

Ta karɓi wayar, ta kafa mata ido. Can sai hawaye suka zubo. Ta ce, “Ga shi nan. Sā ne ya tunkuye shi a baki tun yana ƙarami. In zai yi dariya, haka leɓen yake tashi.”

Audi ya ce, “Iya, don me ba ki faɗa mini ba tuntuni?”

Ta ce, “Ni ban taɓa ganinsa aibu ba, balle in tuna in faɗa. Fuskar mijina ce kawai.”

Manomin ya karɓi wayar, ya dubi mahaifinsa karo na fari, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Bayan kwana tara, idon tsohuwa ya rufe gaba ɗaya.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Yatsan manomin shi ne baiwar da Allah ya sa a hannun kowannenmu. Wani zane aka ba shi, wata waƙa, wani saƙa, wani iya zama da marar lafiya. Ba lalle ta zama sana'a ba, ba lalle a tafa maka ba. Allah ya ba ka ita domin akwai wanda yake jiranta, ko da kai ba ka san shi ba tukuna. Idon tsohuwa kuwa shi ne kwanakin da aka ba mu, suna raguwa ko muna aiki ko muna zaune.

Abin da yake ba ni haushi a labarin nan shi ne wata ukun nan. Maƙwabcin bai ƙwace wayar ba, dariya kawai ya yi ya wuce abinsa, ya manta. Audi ne da kansa ya ajiye. Mu ma haka muke. Mu ga wanda ya fi mu iyawa, sai mu naɗe hannu, mu ce tawali'u ne. Ba tawali'u ba ne, girman kai ne da ya ji kunya.

Ku lura kuma, layin da manomin ya so ya goge shi ne ya fito da gaskiya. Muna so mu kawo wa Ubangiji aiki sumul, shi kuwa yana iya amfani da inda hannunmu ya zame. Amma hannun da yake kan aiki ne kaɗai yake zamewa. Da Audi ya ce ya gaji a yammar nan, ya kwanta, da ba wanda zai zarge shi, da kuma bai taɓa ganin mahaifinsa ba.

Saboda haka in akwai abin kirki da ka ajiye domin wani ya yi maka dariya, yau in an tashi daga sujada ka koma gida ka ɗauko shi. Audi ya sami kwana tara da suka rage. Kai ba ka san nawa ne naka ba.