Saƙon Gabi Da Ya Kwana Uku A Cikin Na'ura

Akwai wani saurayi mai suna Hamisu da aka turo daga Yamai zuwa Madarumfa a shekarar 1998, don ya kula da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta wani biro, wato ofishi, na kiwon lafiya. Ya yi karatun aikin sosai, kuma yana son kowa ya san haka.

Na'ura ɗaya ce tak a biron, layin tarho ma ɗaya. Ta wannan layi ake aika saƙonni Yamai, layin kuwa tsoho ne mai ƙara. Kafin zuwan Hamisu, sakatariyar biron, Malama Atika, ita ke lallaɓa ta.

Ranar da ya fara aiki ya buɗe saitin na'urar, sai ya yi dariya. Na'ura takan yanka saƙo gunduwa-gunduwa kafin ta tura shi, kuma ya tarar an rage girman gunduwar zuwa 296, alhali a makaranta 1500 aka koya masa. An kuma hana ta tura saƙo biyu a lokaci guda.

Atika ta gaya masa ita ta yi haka, bayan ta shafe wata uku tana gwadawa. Ta ce idan gunduwar ta yi girma, ƙarar layin kan ɓata ta a hanya, sai na'ura ta yi ta maimaitawa, saƙonni su cunkushe a baya.

"Malama, ki tsaya kan buga takardu," in ji Hamisu. "Wannan aikin na waɗanda suka karanta shi ne."

Ta koma teburinta. Shi kuma ya ɗaga lambobin duka, ya buɗe wa na'urar hanya ta tura komai tare.

Bayan sati biyu, ranar Litinin, labari ya zo cewa ƙyanda ta ɓarke a ƙauyukan Gabi. Shugaban biron, Alhaji Ɗan Azumi, ya rubuta wa Yamai a sa musu alluran rigakafi cikin motar da za ta taso ranar Alhamis. Hamisu ya tura saƙon, ya haɗa da wata babbar taswirar ƙauyukan da shi ya zana, don manya su ga ƙwazonsa. Da Alhaji ya tambaye shi, ya ce saƙo ya tafi.

Ranar Talata Atika ta lura fitilar na'urar tana ta ƙiftawa ba hutu, tarho kuma bai yi ƙara ba tun jiya. Ta faɗa masa, ya ce alamar aiki ce.

Ranar Alhamis da hantsi wani direba ya iso daga Maraɗi. Ya ce kwana biyu Yamai na neman su a tarho ba sa samu. Da ba su ji komai ba, an loda mota ta taso ba kason Madarumfa.

Hamisu ya nufi na'urar da sauri. Ya buɗe jerin saƙonni a gaban kowa, sai ga su nan jibge, ko ɗaya bai fita ba. Taswirarsa ta toshe layin, ta tafi ta katse ta sake farawa, kwana uku cur. Saƙon allurar yana maƙale tare da ita.

Alhaji Ɗan Azumi ya zauna a kan benci ya riƙe kai, yana ta salati.

Atika ce ta matso. "Malam Hamisu, ɗan ba ni kujerar."

Ta cire taswirar, ta mayar da lambobin yadda suke, ta sa saƙon Gabi a gaba shi kaɗai. Cikin minti huɗu ya fita. Hamisu yana tsaye yana kallon agogon bango, ya kasa yarda da idonsa.

Yamai ta nemo wata mota, amma allura ba ta iso ba sai bayan kwana shida. Hamisu ya roƙa a tafi da shi ƙauye. A can ya ga wata mata mai suna Kulu ta kawo 'ya'yanta biyu layin allura. Malamin jinya ya raɗa masa cewa dā su uku ne, shekaranjiya aka binne ƙaramin.

Da aka gama yi wa yaran, Kulu ta durƙusa ta gaishe su, har da shi. "Allah ya saka muku, kun zo mana da wuri."

Hamisu ya zaga bayan mota ya yi kuka. Ba wanda zai iya cewa jinkirin ne ya kashe yaron, amma shi bai taɓa iya cire abin daga ransa ba. Da suka dawo, kafin ya shiga ɗakin aikinsa, ya tsaya gaban teburin Atika ya nemi gafararta a gaban ma'aikata duka.

Darasi: Ilimin takarda ba ya hana ka sauraron wanda ya daɗe yana aikin da hannunsa. Kafin ka canza abin da ka tarar, tambayi dalilin da ya sa aka yi shi haka, domin girman kanka na iya faɗawa kan wanda bai san ka ba ma. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki su ma su karanta.