Darussan da Ilyasu Ya Ƙi Kullewa

An yi wani mutum a wani gari, Ilyasu sunansa, sana'arsa gina shafukan intanet. Ranar da labarin rasuwarsa ya iso wa matarsa Lantana, tana tsakar gida tana shanya. Mota ce ta kife da su a hanya. Aka kawo mata jakarsa, kwamfutar da ke ciki ta dagargaje.

Ku saurara, 'yan'uwa. Shekara bakwai bawan Allahn nan yana rubuta darussa da Hausa, yana koyar da ƙa'idojin da masu sana'ar suka yarda a kai: yadda ake gina shafi ya buɗe a kowace irin waya, har wayar makaho ta karanta masa. Kyauta yake yi. Mai so ya kwafa, wanda ya ga kuskure ya gyara.

Yana da rai, wani mai makarantar kuɗi ya taɓa zuwa har gida, ya ce, "Malam, sayar mini, in kulle, sai ɗalibaina kawai."

Ilyasu ya ce, "Alhaji, ni ma a zauren masu sana'ar na intanet na koya, ba wanda ya rufe mini ƙofa. Da wane ido zan rufe wa wani?"

Da baƙon ya fita, Lantana ta ce, "Baban Nana, kai dai a ce ka kyauta, mu kuma mu yi ta ɗumamen tuwon jiya." Ya yi dariya. Kwana uku tana fushi.

To, bayan addu'ar bakwai, sai shafin da darussan ke kai ya daina buɗewa. Mabuɗinsa kuwa, wato lambar sirri, Ilyasu kaɗai ya sani. Lantana ta danna a wayarta, ta sake dannawa, shafin fari fat. Ta kai kwamfutar wurin masu gyara uku ko za a ciro darussan, kowanne ya girgiza kai. Abinci ya ƙi shiga. Tunaninta ɗaya: wahalar shekara bakwai an binne ta tare da shi ke nan? Me zai riƙa kai masa lada a kabari?

Ana haka wata mata ta yi sallama, ta ce ita ce Bahijja, a darussan marigayi ta koyi sana'a. Lantana ta ce, "Baiwar Allah, ai sun ɓata. Komai ya ɓata."

Bahijja ta ce, "Haba Maman Nana, ina suka ɓata? Kullum cewa yake kowa ya ajiye nasa. Nawa na nan, na 'yan zaure na nan. Jiya muka harhaɗa, mun sake ɗorawa. Ungo, duba."

Lantana ta karɓi wayar. Ga sunansa a sama. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ya ƙi fitowa tun ranar jana'iza.

Jama'a, da ya kulle, da darussan sun bi mabuɗin kabari. Abin da ka ɓoye da kai zai mutu, abin da ka bayar shi ne naka. Ke mai ɗinki, kai mai gyaran waya, wa kuka koya wa abin da kuka iya?

Lantana har yau ba ta gane rabin rubutun. Amma kullum bayan sallar asuba takan buɗe shafin, ta ga yana nan, ta ce Allah ya kai masa, sannan ta ɗora ruwan koko.