Bakaniken da Ya Fita da Amarya a Motar Mutane

An yi wani mutum a nan Kaduna, bakanike a Kakuri. Ba zan kama suna ba, don wasunku sun taɓa kai masa gyara. Gwani ne, ba ya shan giya, ba ya bin mata. Ciwonsa ɗaya ne: yana so a ɗauke shi fiye da yadda yake.

Allah ya haɗa shi da wata yarinyar kirki, Jemimah, 'yar Trikania. An biya sadaki, biki ya matso. Sai ta ce kafin hidima ta haɗiye su, su ware wata Asabar su sha iska a gari. Ta tsara komai daidai aljihunsu. Za su hau keke, ta dafa shinkafa ta zuba a kula, ta haɗa zoɓo mai sanyi, su shimfiɗa zane a inuwa a bakin kogi, su yi hotuna da waya. Don murna har ta kasa zama wuri ɗaya. Ya 'yan uwa, me wannan shiri ya rasa? Babu!

Amma gogan naku ya ji abin ya yi masa ƙaranci. Ango guda a keke? A garejinsa akwai wata baƙar jif ta wata 'yar kasuwa, Madam Scholastica, wadda ta bari a yi mata gyara ta yi tafiya. Makulli na hannunsa. Ya ce a ransa, ai gwaji ne, wane bakanike ne ba ya gwada mota?

Da safe ya danna hon a ƙofar gidan su Jemimah. Maƙwabta suka leƙo, wata ta rangaɗa guɗa. Jemimah ta fito da kula a hannu, ta tsaya baki buɗe.

"Wannan kuma ta wa ce?"

Gaskiya ɗaya a nan da ta cece shi. Sai ya ce, "Tamu ce. Ɓoye miki na yi."

"Tsakaninka da Allah?"

"Tsakanina da Allah."

Ta yi tsalle, ta yi ihu, har da hawayen daɗi. Kai, ranar an sha yawo! Suka ci shinkafa a bakin kogi, suka shanye zoɓo, tana rera waƙoƙin yabo yana yi mata amshi. Ta yi hoto a gaban mota, ta yi a baya, ta yi riƙe da sitiyari, duk ta tura wa ƙawaye. Shi kuwa kansa ya ƙara girma, har ya fara jin kamar da gaske tasa ce.

Sai ta ce su biya Gonin Gora, inda gwaggonta Rhoda ke sayar da doya a bakin titin Abuja, a sa wa mota albarka. Da wane baki zai ƙi?

Abin da bai sani ba, a jikin jif ɗin akwai 'yar na'urar da ke nuna wa mai ita duk inda ta shiga. Madam ta duba wayarta, ta ga motarta ta hau hanyar Abuja. Ta kira shi, ta sake kira. Yana ganin sunan yana katsewa, don Jemimah na gefensa. Madam ta ce lallai an sace, ta sanar da 'yan sanda.

Gwaggo Rhoda da 'yan uwanta masu doya sun ɗora hannu a kan mota suna addu'a, sai ga 'yan sanda. Suka cafke shi. Jemimah ta sha gabansu kamar kaza mai 'ya'ya.

"Ku sake shi! Motarsa ce! Na rantse da Allah tasa ce, ni ce shaida!"

Babbansu ya juya ga gogan ya ce, "Malam, taka ce?"

Ya sunkuyar da kai, murya can ƙasa. "Ta wadda ta kawo gyara ce."

Aka zuba su biyu a bayan motar 'yan sanda, gwaggo na kallo, duk kasuwa na kallo. Jemimah ba ta yi kuka ba. Kunya ta hana ta.

Madam ta yafe, ta ɗauke motarta. Amma labari ya zagaye Kakuri, ba wanda ya ƙara barin makulli a hannunsa, gareji ya mutu. Ya tura dattawan coci biko. Jemimah ta ce wa babbansu, "Baba, na yafe masa motar. Amma ya sa na kira sunan Allah a kan ƙarya a gaban jama'a, yana tsaye yana ji. Ba zan iya tsayawa gaban bagade in gaskata alkawarinsa ba." Aka mayar da sadaki.

Ya 'yan uwa, ku duba! Yarinyar nan ta san ba shi da mota ta ce ta ji ta gani. Wa ya tambaye shi jif? Kayan aro ba ya rufe katara. Samari, da ku nake: wadda ta yarda da kai da baƙin mai a hannu, kada ka sa ta rantse a kan ƙaryarka.

Allah ya kiyaye mu da son a gani, ya tsare harsunanmu daga ƙarya, ya sa mu gode da abin da ya ba mu. Amin.