Ɗakin da Aka Auna Ƙarami

A wani ƙauye an yi wani mai gida, dattijo, wanda Allah ya ba 'ya'ya uku: Irmiya, da Barnaba, da autarsu Liyatu. Duk sun girma sun yi aure, kowa yana garin da yake neman abincinsa. Amma kowace shekara, in an gama girbi, sukan dawo da iyalansu su yi wa Allah godiya tare da mahaifinsu.

Jikoki suka yi yawa, ɗakin tsohon kuwa bai ƙaru ba. In za a yi addu'a, waɗansu suna ciki, waɗansu a bakin ƙofa, sauran a tsakar gida ba sa jin abin da yake faɗa. Abin ya dame shi, gama yana so kafin ƙarfinsa ya ƙare ya ga iyalinsa duka a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Sai ya kira magini. Magini ya ce ƙasa akwai, ruwa akwai, amma girman ɗaki yana ga yawan azarar da za a yi rufi da ita. Ba zai ta da bango mai faɗi ba sai ya san akwai itacen rufe shi, don in damina ta same shi a buɗe, rushewa zai yi. Tsohon ya aika wa 'ya'yansa cewa kowa ya faɗi azara nawa zai iya kawowa kafin ruwan fari.

Dukansu sun yi murna da saƙon. Irmiya yana da niyyar goma, amma ya ji tsoro kada ya faɗa ya kasa cikawa, ya kunyata a gaban ƙannensa. Ya ce zai yi shiru sai itace ya shiga hannu. Barnaba ya riga ya yi magana da mai giginya, amma yana so ya zo da kayan ba zato, ya ga fuskar mahaifinsa. Liyatu kuwa biyu kawai take iyawa, ta ga ba abin faɗa ba ne tun da yayyenta suna nan.

Mako uku suka wuce, ba amsa. Magini ya ce rani yana tafiya. Tsohon bai yi fushi ba, ya ɗauka 'ya'yan suna cikin matsi ne, ba ya kuma so ya ɗora musu nauyi. Ya ƙidaya 'yar azarar da yake da ita a bayan rumbu, ya ɗauki sandarsa ya ja layi a ƙasa. Aka fara haƙa tushe.

Ran nan Liyatu ta zo gaishe shi, ta tarar da ramin tushen. Ta taka shi daga wannan gefe zuwa wancan, taku shida ya ƙare.

Ta ce, "Baba, wa da wa za su zauna a nan? Ai bai fi tsohon ɗakin ba."

Ya ce, "'Yata, gwargwadon abin da na ji na auna."

Hawaye suka zubo mata. Sa'an nan ta ce, "To, ka ji nawa yanzu. Biyu zan kawo."

Ba ta ko zauna cin abinci ba, ta tafi wurin yayyenta ta gaya musu abin da ta gani. Kashegari su ukun suka zo suka durƙusa a gabansa, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Irmiya ya faɗi tsoronsa kuma. Tsohon ya dafa kan Irmiya ya ce shi ba alƙali ba ne, uba ne, ya faɗi abin da yake ganin zai iya, Allah zai taimaka. Aka cike ramin da aka haƙa, aikin kwana biyu ya tafi a banza, amma tsohon yana ta dariya sa'ad da yake jan sabon layi har kusa da katanga.

Irmiya bai iya kawo goman a tashi ɗaya ba. Ya kawo shida, bayan mako biyu ya kawo huɗu. An rufe ɗakin kafin ruwa ya sauka, kuma da kaka ta zo ba wanda ya zauna a waje.

Ma'anar wannan misali, ƙaunatattuna, ita ce: 'ya'yan nan uku ba marowata ba ne, duk suna ƙaunar mahaifinsu. Ku ma na san kuna ƙaunar Ubangiji da gidansa, na ga hannunku a lokatai da yawa. Allah yana ganin niyyar da take cikin zuciya, amma dattawan ikilisiya da masu gini mutane ne, sai abin da kuka faɗa za su sani. Alkawari shi ne ka bar 'yan'uwanka su ji niyyarka, domin su san girman aikin da za su fara.

Yau bayan sujada za a raba takardun alkawari domin faɗaɗa majami'armu. Wanda yake tsoron kasawa, ya rubuta abin da yake gani zai iya, ya kawo kaɗan-kaɗan. Ba za a karanta sunan kowa a gaban jama'a ba. Wanda yake ganin nasa bai kai a faɗa ba, ya tuna mai azara biyu ce ta buɗe bakin sauran. Mai buhun masara ya rubuta masara, mai ƙarfin jiki ya rubuta kwanakin da zai zo ɗibar yashi.

Kafin ku rubuta, ku waiga ta ƙofa. Mama Damaris tana can a kan benci a waje, domin ƙafarta ba ta barinta ta iso da wuri ta sami wuri a ciki. Shekara arba'in tana share majami'ar nan, kunnenta kuma ya yi nauyi. Na tabbata ba ta ji misalin nan ba. Ku rubuta yadda baɗi war haka za ta ji wa'azi tana zaune a tsakiyarmu. Amin.