Akwati, Batir da Siririn Hannu

Ku gyara zama. Kai kuma Sallau, ajiye wayar nan, ba guduwa za ta yi ba. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi nasa. Shekara arba'in ina riƙe da aska a garin nan, na yi askin suna ba adadi, amma ban taɓa ganin sunan da ya gagari manya irin wannan ba.

Kun san Hansatu, matar Malam Yusha'u tela. Shekara goma sha ɗaya da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sai bana Allah ya dube ta. Ran Litinin ɗin nan ta sauka a ɗan asibitinmu na bakin kasuwa, namiji, amma bakwaini. Na gan shi da idona, wallahi bai cika tafin hannuna biyu ba. Malama Kubura, ungozomar asibitin, ta sa shi a kwalba, ta maƙala masa robar iska a hanci, ta ce da dangi, "Ran yaron nan yana hannun Allah, amma kwalbar nan da iskar nan duk da wuta suke aiki. In ta ɗauke ta daɗe, ni ba ni da wata dabara."

Wutar garinmu kuwa kun san halinta, ba ta sallama in za ta tafi. Janareta yana nan a ɗan ɗakinsa bayan asibiti, ƙofar ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayi, mabuɗi a aljihun Baba Tanimu maigadi. Ran Talata da hantsi aka ɗauke. Kafin a nemo Baba Tanimu, kafin ya buɗe, kafin ya ja igiya sau bakwai da ƙarfin tsufa, leɓen yaro ya yi shuɗi. Ya dawo dai, amma da ƙyar. Hansatu ta yi kuka har muryarta ta dishe.

To, Hansatu tana da 'yan'uwa maza uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Dukansu ni na yi musu kaciya, don haka ba mai ba ni labarinsu.

Babban shi ne Hashimu, mai aikin wayarin wuta. Mutum ne mai fama da girman kai, amma in ka ga aikinsa sai ka yafe masa. Da ya ji abin da ya faru ya rufe shagonsa, ya baje wayoyi da ƙarafunan da ya ciro daga tsofaffin injina. Kwana biyu sai ga shi da wani ɗan akwati da bai fi na rediyo ba. Masu sana'ar suna da sunan da suke kiransa da Turanci, ni bakina bai iya ba, akwati nake ce masa. Da zarar wutar gari ta ɗauke, akwatin nan zai ji. Zai ƙirga goma ko za ta dawo, don wutarmu ta iya ƙyafta ido. In ba ta dawo ba sai ya tayar da inji da kansa, ya raba asibiti da layin gari, ya ɗora shi kan janareta. In ta dawo ya mayar, ya kashe inji, ba ya taɓa barin wuta biyu su haɗu. Sau uku yake gwada tayarwa, yana hutawa tsakani, in na ukun bai kama ba sai ya haƙura don kada ya ƙone wani abu. A birni ake sayen irinsa, shigowa da shi ake yi daga waje. Namu ɗan garinmu ne ya haɗa shi a kan benci, kuma ina faɗin wannan da alfahari.

Sai dai akwati ba shi da hannun jan igiya. Janaretan asibiti da can na makulli ne, amma kik ɗinsa, abin nan da ke murza inji ya tashi, ya ƙone tun tuni, batir kuwa ba wanda ya san inda ya shiga. Nan mai bi wa Hashimu ya shigo, Zayyanu, direban a-kori-kura, sarkin surutu. Shi ya bi garejin garuruwa uku cikin ruwan sama har ya samo kik da ya dace, ya kwanta a ƙasa ya ɗaura shi da hannunsa. Aka kawo wani batir na aro, ya ɗan murza ya mutu. Zayyanu ya yi tsaki, ya buɗe motarsa, ya ciro nasa sabo dal da bai yi wata ba, ya ɗaura. Ranar Alhamis ce fa, kasuwar garinmu na ci, masu kaya na kiransa ta ko'ina. Motar da yake ci da iyali da ita tana can gindin darbejiya har yanzu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da yamma aka gwada, aka kashe wutar gari da gangan, inji ya tashi ba wanda ya taɓa shi. Mata suka yi guɗa. Hashimu ya ce da maigadi, "Baba, daga yau kada ka ƙara taɓa komai a ɗakin nan." Baba Tanimu ya ce, "To, ɗan nan."

Amma sabo turken wawa. Shekara ashirin ke nan, duk Juma'a kafin ya tafi masallaci, Baba Tanimu sai ya tayar da inji ya ɗumama shi, ya rufe ɗan famfon mai da ke ƙarƙashin tanki, har injin ya shanye na cikinsa ya mutu, don kada mai ya yi ta ɗiga ba kowa a wurin. Jiya ma haka hannunsa ya yi, bai ko shawarci kansa ba. Ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗi a aljihu. Kun kuma san mu ba mu da masallacin Juma'a, sai mun tsallaka rafi zuwa garin gaba. In rana ta take, garin nan ba namiji sai raguna.

Autansu shi ne Mudi, manomi, wanda kuke kira Sillan Kara saboda rama da tsawo. Bai san jar waya da baƙa ba. Abin da aka san shi da shi guda ne, shekara goma sha takwas sahun farko bai wuce shi ba ran Juma'a, kuma a ƙasa yake zuwa. A bakin gari suka gaisa da Baba Tanimu, tsohon ya hau babur ya yi gaba. Mudi ya kusa rafi ya ɗaga hannu zai share gumi, sai ya ji ƙanshin fetur a tafinsa. Ya tsaya cak. Ya san a hannun wa ya ɗauko shi, ya kuma san abin da tsohon ya saba yi. Ga kiran salla yana jiyowa daga tsallake, mabuɗi kuwa ya riga ya yi nisa. Ya tattare babbar rigarsa ya juyo a guje.

Yana shiga harabar asibiti fankar baranda ta tsaya. An ɗauke. Malama Kubura na kan wata mai naƙuda, hannunta biyu duk a cike. Hansatu ce kaɗai a gaban kwalba tana kallon fitilarta ta mutu, tana salati. Akwati ya ƙirga gomansa, ya murza inji, inji ya yi tari ya yi shiru. Ya huta, ya sake murzawa, shiru. Saura ɗaya. Mudi ya kwanta rub da ciki a taɓo da farar rigar Juma'arsa, ya zura hannu ta 'yar tagar iska da ke gindin bango, tsakanin ƙarafunan da hannun ƙato ba zai shiga ba. Ƙarfe ya saɓule masa fata tun daga gwiwar hannu, ya ci gaba da turawa har yatsunsa biyu suka kai ga famfon, ya murɗa. Igiya da makulli duk suna can ɗaya gefen, ba zai kai gare su ba, don haka ya kwanta nan yana jira. Akwati ya murza na uku, batir bai gaza ba, inji ya kama. Yaro ko launi bai sauya ba. Mudi kuwa azahar ya yi shi kaɗai a baranda, hannu naɗe da bandeji, yana hawayen Juma'arsa.

Jibi suna. Malam Yusha'u ya riga ya yi alkawari a gaban liman cewa sunan wanda ya ceci ɗansa zai sa masa. Hashimu ya ce in ba akwati, wa zai murza inji a ɗaki kulle? Zayyanu ya ce akwatin da me ya murza har sau uku? Mudi kuwa hannunsa kawai ake kallo. Aka tambayi Hansatu, ta ce nono ɗaya suka sha da su ukun, kada a sa ta a ciki.

Rago ɗaya ne, yaro ɗaya ne, liman kuma suna ɗaya zai raɗa. Sallau, da kai zan fara. Hashimu, Zayyanu ko Mudi, wane ne a cikinsu ya cancanci a yi masa takwara?